Kabarin Bayan Katanga

Kowa a garin Lontor da ke tsibirinmu ya san Jaleha Dorsman da butarta. Duk Alhamis bayan la'asar sai ta fito ta ƙofar baya ta tsohon gidan Kapitan, buta a hannu, yankakken ganyen pandan mai ƙamshi a ƙulle a gefen zani, ta bi ta ƙarƙashin itatuwan gyaɗar ƙamshi tana laluben hanya da tafin ƙafa, don yanar ido ta riga ta rufe mata gani. Ba ta shiga maƙabartar gidan, wadda aka kewaye da katanga aka sa mata ƙofar ƙarfe. Jikin katangar take bi ta waje har ƙafarta ta taka wata saiwa mai kauri, daga nan ƙasa ta ɗan gangara, sai ta durƙusa. Babu dutse a wurin, babu rubutu. Jan ganyen gadihu ne kawai, irin wanda muke dasawa a kan kabari, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙafa. Ta zuba ruwa daga kai zuwa ƙafa, ta watsa ganyen, ta yi fatiha, sannan ta sunkuya ta raɗa wani suna cikin ƙasa.

A cikin katangar mutum biyu ke kwance ƙarƙashin farin dutse. Akwai Kapitan Matias Dorsman, Baturen Holan da aka yankar wa wannan gona zamanin mulkinsu, wanda kuma ya shugabanci dakarun sa-kai na masu gonaki, waɗanda babban aikinsu shi ne farauto bayin da suka gudu. Kusa da shi akwai Nyonya Katarina, wato Uwargida Katarina, matar da aka kawo masa daga birnin Batabiya, wadda zazzaɓi ya ɗauke kafin ta zagayo shekara, ko ɓari ba ta yi ba. Ta wajen katangar kuwa baiwarsa ce, wadda ya laƙaba wa sunan fure, Kenanga. Ita ta haifa masa duk 'ya'yan da ya bari a duniya. Wannan ba wani asiri ba ne, ko masu busar da kifi a bakin teku sun sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne sunanta na yanka, wanda ta zo da shi daga ƙasarsu. Shi ne matan gidan suke miƙa wa juna a kan kabarin, uwa ta raɗa wa 'ya, har ya iso bakin Jaleha.

Jaleha ba ta haifi mace ba, ba ta haifi namiji ba. Rustam ke gare ta, ɗan ƙanenta Idrus wanda ya tafi kamun kifi teku ta cinye shi. Ita ta goya yaron, ta yi masa uwa ta yi masa uba, yana kiranta Mama Tua kamar yadda kowane ɗa ke kiran yayar ubansa. Ya je birnin Ambon karatu ya dawo da Turanci a baki, da mata mai suna Wiwin, da buri wanda ya fi tsibirin girma.

Abin ya faro ne daga waya. Wasu 'yan Holan masu sunan Dorsman, jikokin babban ɗan Kapitan da aka tura can tun yana yaro, suna haɗa tarihin zuriyarsu, suka lalubo Rustam. Suka ce za su zo su ga gidan kakansu, su kwana a ciki. Tun daga ranar Rustam ya daina tafiya a ƙasa kamar sauran mutane. Ya ce gidan zai zama masaukin baƙi, ya sa aka yi fenti, ya zaro takobin Kapitan da tsohuwar rigar sojansa daga akwati ya rataye a falo.

Ɗakin Jaleha aka fara taɓawa. Shi ne na gaba, mai tagar da ke shan iskar teku, a cikinsa aka haife ta. Rustam ya zo ya zauna a bakin gadonta ya riƙe mata hannu, ya ce na ɗan lokaci ne, kuma ai ɗakin baya ya fi kusa da banɗaki, ba sai tana tuntuɓe ba. Ɗakin bayan kuwa bangonsa ɗaya da ɗakin hayaƙi, inda ake shanya gyaɗar ƙamshi a kan wuta mai ci a hankali ba dare ba rana. Ta kwashe 'yan komatsanta ta koma. Kafin wata ya ƙare ta fara tari.

Daga nan sai hoton mahaifiyarta ya sauka daga bangon falo. Da hannu ta gane, ta shafa wurin ta ji ƙusa tsirara. Wiwin ta ce gilashin ne ya tsage, za a kai gyara Neira, garin da ke tsallaken ruwa. Sai teburin cin abinci ya zama na baƙi, ko da yake baƙin ba su zo ba tukuna, aka ce a saba tun yanzu. Jaleha ta koma cin tuwon sagu da kifinta a kan kujerar tsuguno a kicin. Duk wannan ta shanye. Takan ce wa maƙwabta yaro ne yana neman na kansa, kuma gida ai na masu tasowa ne. Mu da muke kallo muna jin haushi, ita tana kare shi.

Abin da ya sa ta buɗe baki wata safiya ce tana zaune a baranda tana ɓare jar fatar da ke lulluɓe da ƙwallon gyaɗar, aikin da yatsunta suka iya ba sai da ido ba. Rustam yana falo yana gwada jawabin da zai yi wa baƙi, yana faɗa da harshenmu don Wiwin ta ji daɗinsa kafin ya juya shi zuwa yaren baƙin. Ya yi bayanin jarumtar Kapitan, yadda ya kare tsibiri daga 'yan tada zaune tsaye, ya mayar da daji gona. Ya kawo kan Nyonya Katarina, ya kira ta uwar zuriya, wadda ta haye teku saboda ƙauna.

"Nyong," in ji Jaleha, don haka take kiransa tun yana rarrafe, "uwar wa?"

Ya leƙo yana dariya. "Mama Tua, ashe kina ji."

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Matar da ba ta haifi ko ƙadangare ba ita ce uwar zuriya? Kai daga ina ka faɗo, daga kan kwakwa?"

Ya ce ba ta gane ba ne. Mutanen nan daga nesa za su zo, da kuɗin jirginsu da furanninsu, ba za ka tarbe su da maganar bayi ba. Ya ce kuma babu dutse, babu takarda, Turawa ba sa yarda da an ce an ce. Ta ce masa ita ce takardar, shi ma shi ne, ya je ya dubi fatarsa a madubi. Nan ya yi kicin-kicin, don ba abin da Rustam ya tsana kamar a tuna masa da cewa hancin ne kawai ya gada na Kapitan. Amma ya san ta. Ya sassauta murya, ya durƙusa gabanta, ya ce to shi ke nan, ta yi haƙuri. In sun huce gajiya da kansa zai kai su bayan katanga ya gaya musu gaskiya, ita kuma ta tsaya a gefensa a matsayin babbar gida.

"Ka yi alkawari?"

"Na yi, Mama Tua. Da wa nake da shi in ba ke ba?"

Ba a jima ba ya zo mata da albishir. Likitocin ido sun sauka a Ambon, ya sama mata wuri, za a cire mata yanar. Ya ce yana so ta ga 'yan'uwanta da idonta, ba a ba ta labari ba. Jaleha ta yi kuka ranar, kukan daɗi. Ta zagaya gidajen maƙwabta da sandarta tana faɗa, har tana yi wa waɗanda suka yi ta zuga ta gori. Damuwarta ɗaya, wa zai zuba wa Nene Kenanga, wato Kaka Kenanga, ruwa in ba ta nan. Wiwin ta karɓi butar da hannu biyu ta ce ita kuwa mene ne amfaninta.

A bakin jirgi, da Rustam ya riƙo ta yana taimaka mata ta hau, sai da sunan ya zo mata har kan harshe. Tafiya ce ta teku, ga wuƙar likita, ga tsufa, in ta mutu can sunan ya mutu. Tun da babu mace, ta yi niyyar ba shi. Amma ba a faɗarsa sai a kan kabarin, haka ta taras. Ta haɗiye, ta ce masa in ta dawo akwai abin da za ta ba shi. Ya ce Allah ya dawo da ita lafiya.

Aiki ya yi kyau. Sai dai zaman Ambon ya yi tsawo fiye da yadda likita ya ce. Tana gidan wata 'yar'uwar Wiwin, kullum ta ce za ta tafi sai a ce Rustam ya bugo, teku ba ta da kyau, ko jirgi ya cika, ko ta ƙara hutawa. Alhamis ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ita kuwa tana zaune tana kallon abubuwan da ta manta kamanninsu, tururuwa a bango, zaren da ke cikin zaninta, tana ƙirga alherin yaron nan a zuci.

Ranar da ta sauka Lontor fuskar Rustam ta fara gani. Ta tsaya tana dubansa baki sake, ga furfura ta fara fito masa a gefen kunne, ga goshin Idrus sak. Ta shafa kumatunsa. Shi kuwa bai yarda sun haɗa ido ba, ya ɗauki jakarta ya yi gaba yana zuba surutu, baƙi sun iso jiya, sun yaba gida, ta shiga ta ƙofar baya kada ta dame su.

Ba ta ko zauna ba. Ba Alhamis ba ce, amma ta yi kewar tsohuwar, kuma tana so ta ga jan ganyen nan da idonta. Ta zagaya bayan ɗakin hayaƙi, sai ta ja ta tsaya.

Itatuwan da ke wurin babu su. Daga jikin katangar maƙabarta har zuwa bangon ɗakin hayaƙi siminti ne shafe, sumul, fari ƙal, yana ɗaukar ido. An jera tebura da kujerun roba, an kafa manyan laimomi, an ja ƙananan fitilu a kan igiya. Babu saiwa, babu gangara, babu gadihu. Butarta ma tana can kan wani teburi, an cusa mata furanni a baki.

Jaleha ba ta yi ihu ba. Ta zauna daɓas a gefen simintin. Abin da ya fi ƙona mata rai ba simintin ba ne. Lissafin da ya haɗu mata ne a take, cewa aikin idon, da jirgin da ya cika, da tekun da ba ta da kyau, duk don a samu ta kauce ne. Da alheri aka kore ta, ita kuma ta bi gida gida tana yabo.

Kowa da abin da ya ce. Rustam ya ce nan ne kawai ake hango teku da dutse mai aman wuta a lokaci ɗaya, baƙi suna son shan shayi a irin wurin. Ya ce ba a tono komai ba, tsohuwar tana nan inda take, hasali ma yanzu aladun daji ba za su tone ta ba. Wiwin ta ce ita ta zuba ruwa kafin a fara aiki, har buta biyu, kuma addu'a ai daga ko'ina tana isa. La Hami magini, wanda da bakinsa yake kiran Jaleha yaya, ya ce shi aiki aka ba shi, ya kuma tambaya aka ce ta amince. Ta je wa liman. Liman ya ja carbinsa, sannan ya ce abin bai yi daɗi ba, amma kabari in ya tsufa ƙwarai malamai sun yi sassauci, kuma Rustam ne ya gyara rufin masallaci bana, a yi haƙuri a rufa wa juna asiri. Babu wanda ya ce mata ƙarya take yi. Kowa ya san akwai mutum a ƙarƙashin teburan nan, kowa kuma ya sami dalilin da zai sa ya yi barcinsa.

Ta tuna wa Rustam alkawarinsa. Ya ce bai manta ba, lokaci yake jira, kada ta ɓata masa shiri.

Ranar Alhamis da la'asar baƙin suka hallara a kan simintin. Da safe sun shiga cikin katanga sun ajiye wa Kapitan da Nyonya Katarina furanni, wata ma har da hawaye. Yanzu suna shan shayin kirfa, Rustam yana tsaye da takobin a hannu yana zuba musu tarihi, suna gyaɗa kai. Wiwin ta aika a ce wa Mama Tua ta sa zaninta mai kyau ta kawo farantin alawar gyaɗar ƙamshi.

Ta sa zanin, ta kawo farantin. Tana ajiyewa sai wata tsohuwar Baturiya, wadda ake kira Nyonya Anelis, ta kama mata hannu. Ta daɗe tana duban ɗan ƙaramin yatsan Jaleha, wanda ya lanƙwashe ciki kamar ƙugiya, irin na matan gidan duka. Sai ta ɗora nata hannun kusa da shi. Nata ma haka yake. Tsofaffin biyu suka dubi juna. Nyonya Anelis ta juya ga Rustam ta yi masa tambaya, muryarta ƙasa ƙasa, da ganin fuskarta ka san da gaske take son sani.

Ga lokacin da ya ce yana jira, ya zo har gabansa ya tsaya. Jaleha ta zuba masa sababbin idanunta. Rustam ya yi 'yar dariya, ya ba da amsa gajeriya. Ba ta jin yarensu, amma kalma ɗaya ta fito fili, koki, wato mai dafa abinci, don da mu da su haka muke faɗa. Baturiyar ta saki hannun a hankali, ta yi murmushin da ake yi wa ma'aikata.

Jaleha ta juya. Ta ɗauki butarta daga kan teburi, ta zare furannin ta ajiye, ta je famfo ta cika ta. Ta cire takalmanta ta bi jikin katangar da tafin ƙafa, kamar yadda ta saba. Ta yi gaba, ta dawo. Ta rufe ido ko ƙafar za ta tuna, ta sake bi. Siminti ne ko'ina, ɗaya yake da ɗaya, da ɗumin rana a jikinsa. Lokacin da take makauniya ba ta taɓa kuskure wurin ba ko cikin ruwan sama. Yau ga ido tangararau, ta rasa ina ne kai ina ne ƙafa.

"Mama Tua," in ji Rustam ta cikin haƙora, yana murmushi saboda baƙi, "don Allah ba yanzu ba."

"Ina kanta yake, Nyong? Kai ka rufe, kai za ka sani."

Bai sani ba. Ranar da aka zuba simintin yana Neira wajen sayen laimomi.

Sai ta durƙusa inda zuciyarta ta fi kwanciya, tsakanin ƙafafun wani teburi da kujerar Nyonya Anelis. Ta zuba ruwan. Bai nutse ba, ya malale ya bi ƙarƙashin takalman baƙi, suna ɗaga ƙafa. Ta kwance gefen zani ta watsa ganyen pandan. Baƙin suka zaro wayoyi. Rustam ya yi maza ya faɗa musu wani abu da fara'a, yana buɗe hannuwa, fuskokinsu suka washe. Jaleha ta gama fatiha, ta ɗaga kai, kuma abin da mace ba ta taɓa yi ba a gidan nan ta yi shi: maimakon raɗa, ta faɗi sunan a fili, don duk jinin matar da ke zaune a wurin ya ji, fari da baƙi.

Daidai nan suka fashe da tafi. Rustam ya gaya musu al'adar tsibiri ce ta yi wa manyan baƙi maraba. Tafin ya rufe muryar tsohuwa mai tari, ko La Hami da ke tsaye kusa bai kama ko harafi ɗaya ba.

Da baƙin suka tashi, Wiwin ta zo da tsumma tana goge ruwan, ranta fari. Ta ce wallahi abin ya burge su, har suna tambaya ko za a sake. Ta ce daga yau duk baƙin da suka sauka Mama Tua ta riƙa yi musu, sai dai a bakin ƙofa zai fi, nan wani zai iya zamewa.

Mutanen Holan sun koma da tarihinsu cikakke. Akwai Kapitan da takobinsa, akwai Nyonya Katarina uwar zuriya, akwai kuma hoton wata tsohuwar kuku tana zuba ruwan maraba. Kapitan, duk da mugun halinsa, bayan katanga ya ajiye Kenanga, ya bar mata ƙasa da sama da wurin da 'ya'yanta za su durƙusa. Sai da aka jira jininta, wanda aka goya da hannun da ke zuba mata ruwa, sannan aka sami mai shafe ta.

Jaleha tana nan a ɗakin baya, tarin ya ƙaru. Rustam yakan leƙa ta, ya kawo mata magani, wani lokaci ya tambaye ta abin nan da ta ce za ta ba shi in ta dawo. Sai ta dube shi da idon da ya biya aka buɗe mata, ta ce ta manta.